Shekarar da Muka Ci Ƙonanniyar Shinkafa

Bana kaka ta same ni a Badariya, a gidan ɗana, ina jinyar gwiwa. Shekaranjiya da hantsi jikata Hadiza ta kunna mini wani saƙon murya da aka turo daga ƙauyenmu, can bayan Gulma. Muryar wani matashi ce da ban waye ba, yana cewa masu duba yanayi sun yi sanarwa iska za ta yi ƙarfi a makon nan, don haka kowane gida ya fito da fartanya a ƙarasa ɗamara, kuma kada wanda ya kunna wuta a daji.

Hadiza ta dube ni ta ce, "Kaka, wace irin ɗamara ce ake yi da fartanya?"

Na ce ta jawo kujera. A birni aka haife ta, shinkafa a buhu ta san ta.

Lokacin da abin ya faru, shekarata ta biyu ke nan a ɗakin miji, ina ɗauke da cikin ubanta. Kafin wannan shekara an sha fari a jere, har mutane sun fara manta yadda cikakken rumbu yake. Sai Allah ya saki ruwa. Gulbi ya cika ya malale fadama, shinkafa ta yi kai har tana rusunawa. Amma ruwan da ya raya shinkafa shi ya raya ciyawa. Gamba ta fi mutum tsawo, ta rufe hanyoyi, ta haɗe daji da bakin gonaki. Ba wanda ya dube ta da idon tsoro. Murna ake yi za a sami ta zana da ta jinka.

Da aka shiga yanka, maza sukan fita da lauje tun raɓa ba ta bushe ba. A ɗaure dami, a kai kan wani ɗan tudu da ke tsakiyar fadama, kowane gida da tsibinsa, tsibi na jingine da tsibi don mai gadi ɗaya ya ishe su. Babu inji a lokacin. Da sanda ake bugu, gayya ake yi gida bayan gida, saboda haka shinkafa takan daɗe a fili tana jiran layinta. Mu mata mukan kai fura da rana, mu tsaya muna kallon tsibin gidanmu muna jin daɗi a rai. Surukina shi ne Sarkin Noman garin, Baba muke ce masa, kuma ya ce tasa ce za a buga a ƙarshe, sai an gama ta kowa.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar, muna daka ni da uwar mijina, Inna. Iskar gabas tana ta kaɗawa tun safe, busasshiya, mai tsage leɓe. Sai Inna ta tsayar da taɓarya a sama, ta ɗaga hanci.

"Luba, kin ji abin da nika ji?"

Kafin in amsa na hango shirwa sun cika sama wajen fadama suna shawagi. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da ke tara su haka. Sai ihu ya tashi.

Maza suka ruga da ɗanyun rassan sabara. Mu kuma muka kwashi tuluna da ƙore muka nufi tafki. Ban taɓa sanin wuta tana da murya ba sai ranar. Gamba na fashewa tas-tas, a ƙarƙashin wannan kuma akwai wani gurnani da kake ji a ƙirjinka. Ruwan tulu a bakinta kamar tofin yawu ne. Maza na bugun gabanta, iska na ɗaukar ciyawa mai ci tana jefawa ta saman kawunansu, sai su waiwaya su ga ta kama a bayansu. Haka ta tsallaka ta hau tudun. Tsibin farko ya kama, ya miƙa wa na kusa da shi.

Abin da ban manta ba shi ne ƙamshin. Shinkafar gari guda tana ƙonewa, ƙamshi mai daɗi ya cika duniya kamar ana suyar biki. Mata suka zube a ƙasa suna salati. Kafin la'asar ta yi sanyi komai ya ƙare. Ba a rasa rai ba, sai dai maigidana ya dawo tafin hannuwansa sun saluɓe, Inna ta shafa masa zuma ta naɗe da tsumma.

Washegari muka fita da faifai da rariya, muna tona toka muna tsintar ƙwayar da ta rage a cikin tsibi. Ƙasa da sauran zafi, tana cin ƙafa. A nan muka ji maganar da ta kwana tana yawo a gari: wai Fulani ne. Ai su ke ƙona daji don sabuwar ciyawa ta tsiro wa shanu. Rugarsu tana yamma da fadama. Akwai wata a cikinsu, Jumo, da take kawo mana nono kullum, mun saba har nakan ajiye mata ƙanzo. Ranar ba ta zo ba, aka ce to ga shaida nan. Samari suka taru a bakin fadama da sanduna, wasu har da baka.

Baba ya tsaya a gabansu, tsoho ne amma muryarsa na da kauri. Ya ce, "Ku ba ni zuwa la'asar. Na aika Argungu." Suka yi gunaguni, amma suka tsaya.

Rana ta take tsaka sai ga wanda aka aika wa, a kan keke. Malam Ladan, malamin daji. Ɗan siririn mutum ne, gajere, kakinsa ya koɗe. Ba a ƙaunarsa a garinmu, don shi ke ƙwace gatarin masu sarar ɗanyen itace. Ya yi wa Baba jaje, aka shimfiɗa masa tabarma ya ce a bari tukuna. Ya jingine kekensa ya shiga cikin toka da ƙafa.

Muna tsinta muna satar kallonsa. Ya tsaya gindin giginya ya zagaya ta, ya shafa, ya dubi hannunsa. Ya durƙusa ya daɗe yana duban kututturen ciyawa. Can ya iso inda nake, ya yi sallama, ya tsaya daga nesa.

"Baiwar Allah, jiya da kuna ɗibar ruwa, ina hayaƙi ya nuhwa?"

Na ce, "Mafaɗar rana, Malam."

"Tun farko, ko daga baya ya juya?"

"Tun farko. Bai juya ba."

Ya yi godiya. Ya tambayi wasu matan, ya tambayi mai gadi, kowa ya faɗi haka. Daga nan ya miƙi gabas shi kaɗai, kansa a sunkuye, har ya ƙanƙance a idonmu. Da ya dawo bai yi wa taro magana ba. Ya ja Baba gefe, suka koma tare. Muna hango su a tsaye su biyu a can ƙarshen baƙar ƙasa, sun daɗe. Ni na san dama ya ba tsohon, ya ga abin da idonsa kafin kowa, ya zaɓi yadda zai yi da shi.

Sai Baba ya ɗaga hannu ya yafito jama'a duka. Muka bi bayan maza.

A hanya Malam Ladan yana nuna musu. Ya dafa wata ƙirya ya ce, "Ku duba. Wuta in iska na kora ta, naɗe icce takan yi, ta lashe bayanai har sama. Gehen da ta hito, baƙin gajere na. Wanga icce mi ya ce muku?" Aka duba, baƙin gabas iya gwiwa, na yamma ya wuce kai. Kowace bishiya muka wuce haka take. Ya ce, "Ruga tana yamma. Wuta ba ta gudu irin wanga tana tunkarar iska. Su ma can ta ishe su."

Muna tafiya ƙunar tana tsukewa, kamar yadda kifi ke tsukewa wajen wutsiya, har ta zama ɗan siririn layi. A ƙarshensa akwai ramin gafiya, an tona bakinsa da fartanya, ga guntun ciyawar da aka cusa aka kunna don hayaƙi ya koro naman. A gefen gonar geron Baba ne. Kowa ya san samarin da suka fita farautar gafiya jiya, kuma kowa ya san autan Baba yana cikinsu. Yana nan tsaye a cikin taron da sanda a hannu. Na ga sandar ta sulale ta faɗi.

Malam Ladan ya ce a hankali, "Ni ban zo biɗar mai laihi ba. Inda tat tashi na zo nunawa."

Baba ya juyo ya fuskanci mutane. Ya ce, "Kun gani da idonku. Wutar ga daga gonata tat tashi, kuma jinina na cikin waɗanda sunka kunna ta. Wanda hannunai ka ƙaiƙayi, ga ni, shi hwara da ni. Amma ba mai taka rugar can."

Samari suka sauke sandunansu. Ɗaya bayan ɗaya suka juya. Da yamma Baba da Malam Ladan suka tafi wurin Arɗo, shugaban rugar. Maigidana ya ce sun tarar an riga an ɗaure kaya a bayan shanu, mata da yara na shirin gudu, makiyayarsu kuma ta ƙone ƙurmus.

Daga nan aka shiga abin da ba a gudunsa. Geron tudu yana rumbu, amma kaɗan ne, don a shekarar kowa ƙarfinsa ya zuba a fadama. Baba ya buɗe nasa rumbun ya raba wa gidajen da ba su da komai, ya ce hakkinsu ne. Inna ba ta ce masa don me ba. Ta dai karɓi ragamar abin da ya rage, ta canza ƙwaryar awo da ƙarama.

Shinkafar da muka tsinta ita muka fara ci. A wanke ta, a sake wankewa, ruwan na fita baƙi. A shanya, a daka, a tuƙa. Tuwon yakan fito ruwan toka, da ɗaci da warin hayaƙi, yana ƙas-ƙas a haƙori. Yara suka yi ta kuka kwanakin farko, daga baya suka daina. Da ta ƙare muka koma tafki muna tono bado, muna shanya 'ya'yansa muna niƙawa a haɗa da ɗan garin gero. Busasshiyar tafasa da rama da aka ajiye don miya suka zama su ne abincin, a kwaɗa da ƙuli in an samu. Maza suka yi gayya suka haƙa rijiyoyi a fadama, suka kafa jigo na jan ruwa, aka dasa albasa. Tun asuba kana jin kukan jigo har rana ta faɗi. Autan Baba shi ke fara zuwa, shi ke tashi a ƙarshe. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya hana shi.

'Yan'uwan Inna na Ambursa suka aiko mana da irin shinkafa a kan jaki. Ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta ajiye a ƙuryar ɗakinta. Akwai ranakun da na zauna ina kallon tulun nan da yunwa. Ita ma na san tana kallonsa. Ba a fasa shi ba.

Azumi ya zo a tsakiyar bazara. Zafin shekarar ya bambanta, don babu ciyawa ko ganye da zai tare shi, baƙar ƙasa ce kawai tana mayar da rana. Randa takan yi ɗumi kafin azahar. Kaji na buɗe baki a gindin rumbu. Maza sukan jiƙa riga su sa, kafin su kai fadama ta bushe. Inna ta hana ni azumi saboda cikin, amma abin da zan ci da ranar ma ina yake? Kunun tsamiya ne tsararo, wanda kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Ƙafafuna suka kumbura, in na miƙe sai duhu ya rufe mini ido.

Wata rana da hantsi ina kwance a inuwar zana sai na ji sallama. Jumo ce. Tun gobara ban sa ta a ido ba. Ta rame, shanunsu ma ba su da wani nonon kirki, sai an kai su nesa kiwo. Ta sauke ƙwarya ta zuba mini tsala a kwano. Na ce, "Jumo, ba ni da gero ko na tafin hannu da zan ba ki."

Ta ce, "Wa ya tambaye ki? Arɗo ya ce gidan tsohon ga ba a karɓar komai. Sha, ke da na cikinki."

Haka ta yi ta zuwa har ruwa ya sauka. Ranar da aka yi ruwan farko, ƙasa ta ba da wani ƙamshi mai haɗe da toka, kwata ta yi ta gudu da baƙin ruwa. Inna ta fito da tulun tsakar gida, ta fasa lakar da bakin taɓarya. A makon na haihu.

Ni na zaci aikin Malam Ladan ya ƙare a ranar da ya nuna ramin gafiya. Ashe farawa ya yi. Duk daminar nan yana zuwa, keke a kafaɗa in hanya ta cika da ruwa. Ya zauna da Baba, ya zauna da Arɗo, ya zauna da shugaban mafarauta, ya je wurin hakimi ya dawo. Da ruwa ya ɗauke aka yi taro a gindin maɗacin kasuwa, muna jiyo su ta bayan zana.

Abin da ya kawo bai yi wa mutane daɗin ji ba da farko. Ya ce a share fili mai faɗi a zagaye fadama da tudun tsibi, a kankare shi har ƙasa, faɗin da iska ba za ta iya jefa wuta ta tsallake ba. A daina jingina tsibi da tsibi. Sa'annan, wanda ya fi tayar da ƙura, ya ce a riƙa ƙona ciyawar bayan filin da gangan, da wuri, tun tana da sauran ɗanye.

Wani dattijo ya ce, "Malam, wuta ta cinye mu bara, bana kuma mu za mu kunna ta da hannunmu?"

Ya ce, "Baba, wuta abinci taka biɗa. In munka ba ta shi tun tana ƙarama, da sahe, raɓa na ƙasa, iska na kwance, ci za ta yi a hankali muna tsaye kanta. In ta dawo da ƙarhinta, sai ta ishe akushi wayam."

Baba ya ce a gwada, a fara daga gefen gonarsa. Hakimi ya sa doka: daga ranar da lauje ya shiga fadama har a kwashe dami na ƙarshe, ba mai kunna wuta a daji, mafarauci ne ko makiyayi ko mai zuma, sai an yi shela. Wanda ya karya, hakimi zai gani. Fulani, da yake su ke cikin daji kullum, suka ɗauki alkawarin kawo labari da zarar sun hango hayaƙi, su kuma a bar musu karan shinkafa bayan bugu. Aka ajiye ganga a ƙofar gidanmu, ba a kaɗa ta sai don wuta.

Na je kai fura ranar ƙunar farko, da goyo a bayana. Malam Ladan ya ɗebi ƙasa ya saki ya ga inda ta karkata, ya murza ciyawa a tafin hannu, sa'annan ya ce a kunna. Maza sun jeru da rassa. Wutar ta tashi iya gwiwa, tana tafiya kamar tsohuwa, hayaƙinta fari. Inda ta kai bakin fili sai ta kwanta. Wani ya yi dariya, dariyar ta bazu. Inna ce ta dubi filin da ya zagaye fadama ta ce, "Yau kam fadama ta ci ɗamara." Sunan ya zauna.

Ba kowace shekara aka yi ta da daɗin rai ba. Aiki ne mai cin baya, kuma yana faɗowa daidai lokacin da kowa ke son ya ji da amfaninsa. Akwai shekarun da Baba sai ya bi gida-gida. Amma ɗana yana tafiya da ƙafarsa lokacin da wata wutar ta taso daga dajin wani gari, da rana tsaka, da iska irin ta waccan ranar. Wani Bafulatani ya shigo a guje, aka kaɗa ganga. Muka fita da tuluna. Wutar ta zo da gurnaninta har bakin tsohuwar ƙuna, ta rasa abin kamawa, ta rage tsawo. 'Yan tartsatsin da suka faɗo cikin ɗamara aka bi su da rassa aka kashe. Tsibinmu na tsaye a bayanmu, ko dami ɗaya bai taɓu ba. Baba ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannun riga.

Yanzu inji ke bugu, shinkafa ba ta kwana da yawa a fili. Labarin iska a waya yake zuwa tun kafin ta taso. An ce samari na da kwamiti, suna zagayawa a kan babur da tankin feshi cike da ruwa a baya, kuma dokar hakimi ta zama ta ƙaramar hukuma, ta game garuruwan da ke kewaye. Baba da Inna sun daɗe da rasuwa. Su Jumo sun yi ƙaura kudu, ban sake jin labarinta ba.

Malam Ladan kuwa na sake ganinsa sau ɗaya, bayan ya bar aiki da daɗewa. Na je Argungu biki aka nuna mini gidansa. Na auni shinkafar gonarmu, wadda na turara da hannuna, na kai masa. Na same shi a zaure a kan buzu, ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi fari. Na gaishe shi, na faɗi sunan garinmu da gidan da na fito, na ce ni ce wadda ya tambaya ina hayaƙi ya nufa.

Ya yi ta lalube a ransa, sa'annan ya ce, "Ki gahwarce ni, ɗiyata, ban tuna ki ba." Ya sa hannu a cikin shinkafar, ya damƙa, ya kai hanci. Can ya ɗago.

"Har yanzu ana share ta?"

Na ce, "Ana sharewa, Malam. Kowace kaka."

"Ba su rage mata hwaɗi ba?"

"Ba su rage ba."

Ya gyaɗa kai, ya saki shinkafar tana zuba ta tsakanin yatsunsa. Ya ce, "To, a dahwa min wagga yau."